Wace na'ura ta dace da binciken manni a injin roka mai daskararren makamashi?

Irin wannan injin hawa-hawa ne: ganga ta ƙarfe ko ta zaren kabon a waje, robar kare zafi manne da ita ta ciki, sai siririn shafen da ke riƙe makamashin. Duk inda manni ya saki, wuta ta samu hanya. Abin da ya faru da rokar Titan 34D ke nan a watan Afrilun 1986 a sansanin Vandenberg na Amurka: roba ta rabu da ganga, wuta ta huda ƙarfen, rokar ta tarwatse 'yan daƙiƙoƙi bayan tashinta. Don haka kafin ka tambayi farashi, ka tantance wane haɗi kake son dubawa.

In tsakanin ƙarfe da roba ne, na'urar amsa-kuwwa, mai aiki da sautin da kunne ba ya ji, ta wadatar. Inda manni ya kama, roba takan shanye sautin, amsar ta mutu da wuri. Inda ya saki kuwa, sautin ya yi ta kai da komo cikin ƙarfen, ka ga layuka sun jeru a allo suna raguwa sannu a hankali. Ga arha, ga sauƙin ɗauka. Sai dai wannan shanyewar da roba ke yi ita ce ke hana ta ganin haɗin da ke can ciki, tsakanin roba da makamashi.

Nan ne hoton eksire ke shigowa. Akan harba hasken ta gefen gangar, ana juya ta, don a kama tazarar a tsaye, domin in hasken bai bi tsawon tsagar ba, ba za ta fito ba. Na'urar CT, mai harhaɗa hotunan eksire ta kwamfuta, ta fi shi nesa ba kusa ba, tana nuna injin rokar yanka-yanka, har da ramukan iska a cikin makamashi. Amma babban inji sai da haske mai ƙarfin gaske da gini mai kaurin kankare, kuma sau da yawa dillali ba ya sa kuɗin ginin a lissafinsa.

Akwai aibin da ke kuɓuce wa dukansu: fuska biyu sun haɗu tsam, ba tazara, amma ba manni. Eksire ba ya ganinsa, amsa-kuwwa ma takan ruɗe. Na'urar leza da ke auna ɗan kumburin saman wurin idan an zuƙe iska ta fi kusa da kama shi, tun da tana ɗan jan wurin ne, musamman a kan roba kafin a zuba makamashi. Kyamarar zafi kuwa iyakarta abin da ke kusa da sama.

A ganina, kada ka biya ko sisi sai mai sayarwa ya gwada na'urarsa a kan samfurin da ka haɗa da kanka, da irin ƙarfenka da kaurin robarka, wanda ka ɓoye aibobi a cikinsa ba tare da ya san wurarensu ba.