Ina za ka ajiye kuɗin kafin alƙalamin gida kafin ranar biya?

Kuɗin da kake tarawa don kafin alƙalamin gida yana da ranarsa. Ko wata shida ne ko shekara ɗaya da rabi, ranar da mai gida ya ce a kawo, dole ya fito cif-cif. Don haka a fara duba tsirar uwar kuɗi da sauƙin cire ta a kan lokaci, sannan a zo batun riba.

Asusun ajiya na yau da kullum ya fi sauƙi, amma abin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba, balle a shekara irin 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a Najeriya. Ga katin cirar kuɗi a aljihu, yau suna gobe biki, sai ka ga ajiya ta zube. Ya dace ne kawai idan saura wata ɗaya ko biyu ka biya.

Ni na fi karkata ga ajiyar wa'adi, wadda ake kulle kuɗi na kwana 90, 180 ko shekara. Idan ka fasa kafin wa'adi, yawanci wani ɓangare na ribar ake zaftarewa, don haka ka zaɓi wa'adin da zai ƙare makonni kaɗan kafin ranar biya. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana da bankunan Musulunci irin su Jaiz, TAJ da Lotus, masu ajiyar mudaraba, wato banki ya juya kuɗinka ku raba riba. A nan ba a yanke maka adadin riba tun farko; kason da za a raba ake yarjejeniya a kansa, saboda haka ka nemi a nuna maka abin da suka raba a watannin baya.

Akwai abin da mutane da yawa ba sa tambaya. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna, tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki (microfinance), idan bankin ya rushe. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, masu kuɗin da ya haura iyakar sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Idan naka ya kai miliyan 9, raba shi banki biyu. Manhajar ajiyar kuɗi ta waya kuwa, binciki irin lasisin da take aiki da shi.

Takardun lamunin gwamnati na kwana 91, 182 da 364 suna da aminci, kuma bankinka zai saya maka, sai dai na ruwa ne. Sukuk, wato takardar zuba jari ta gwamnati bisa tsarin Musulunci, ba ta da wannan matsalar, amma wa'adinta shekara 7 ne ko 10, ya yi wa wannan buƙata tsawo.

Dala tana da jan hankali, amma wanda ya saya a Fabrairun 2024 ya kuma buƙaci naira a Afrilu ya tafka asara. Adashi yana koya wa mutum tari, sai dai ranar da ka ɗauka ka wuce da shi banki. Ɗan'uwan da zai ce ka ba shi ya juya maka a kasuwa kafin lokaci, ka ba shi haƙuri. Kaya na iya kwantai a daidai makon da dillalin gida ke kiran wayarka.