Garejin da ya dawo wa jirginmu na Dadin Kowa da sheƙinsa

Shekara uku ke nan ni da ƙanena muna ajiye wani ƙaramin jirgin ruwa na fayiba (wato zaren gilashi da aka haɗa da ƙaro) kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, wanda muka saya na hannu daga Legas domin fita shan iska da iyali a ƙarshen mako. Tsawonsa bai wuce mita biyar ba, fari ne mai ratsin shuɗi a gefe, kuma yana ɗauke da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Duk wanda ya san wannan madatsa, wadda aka kammala a 1984 a kan Kogin Gongola, kimanin kilomita 37 daga garin Gombe, ya san cewa abu biyu ba sa ƙaranci a bakinta, wato rana da ƙura. Jirginmu ya sha su duka biyun a fili, babu rumfa. A ƙarshen hunturun bana ratsin shuɗin ya koɗe har ya kusa komawa ruwan toka, kuma ranar da ’yata ta jingina da gefensa ta tashi da farin gari kamar na alli a bayan hijabinta, ranar na tabbatar cewa wanki kaɗai ya daina amfani.

A Gombe ban sami wanda sana’arsa goge jirgin ruwa ce zalla ba, don haka aka haɗa ni da wani garejin fentin mota, wanda maigidansa dattijo ne da ya taɓa zama a Fatakwal yana aikin jikin jiragen fayiba. Muka ja jirgin a kan tirela muka kai masa. Abin da ya fara yi ya kwantar mini da hankali tun kafin mu yi maganar kuɗi. Ya jiƙa yatsansa ya shafa a kan ratsin, sai shuɗin ya fito da ƙarfinsa na ɗan lokaci, da ya bushe kuma ya sake dusashewa. Ya ce mini: “Alhaji, launin yana nan, bai mutu ba. Amma wannan ba fenti ba ne irin na mota, kuma idan na bi da shi kamar mota zan ɓata maka shi.”

Bayanin da ya yi ya dace da abin da na sani. Fatar jirgin fayiba, wadda ake kira jelkot, wani nau’in ƙaro ne mai launi da ake fesawa a cikin mazubi tun lokacin ƙera jirgin, kafin a shimfiɗa zaren fayiba a bayansa, kuma kaurinta kusan rabin milimita ne kawai. Hasken rana da iska suna cin samanta a hankali, sai ta yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, launinta ya rikiɗe zuwa gari. Wannan garin ne ya manne a hijabin yarinyar. Ni da na zo da niyyar a shafa kaki kawai a gama, sai ya nuna mini cewa shafa kaki a kan irin wannan fata tamkar shafa man kaɗanya ne a kan kaushin ƙafa ba tare da an sa dutse an goge ba: zai yi ƙyalli yau, zuwa jibi ya koma yadda yake. Sai an cire mataccen saman tukuna, sannan kaki ya sami abin da zai kama.

Na je garejin sau huɗu a lokacin aikin, kuma yawancin abin da na gani ya burge ni. Bayan wanki, sun cire jan tabon da ruwan dam ya bari a layin da jirgin yake nutsewa, ta hanyar amfani da wani ruwan wanki mai sinadarin ogzalik, kuma yaron da ya shafa shi yana sanye da safar hannu. Daga nan maigidan ya zagaye wani ɗan wuri a bayan jirgin da tef, ya gwada man goge mafi laushi a kai, da ya ga bai ci ba sannan ya koma ga mai ɗan kaushi. Wannan tsari na farawa da mai laushi shi ne daidai, domin duk abin da aka kankare daga jelkot ba ya dawowa. Yana aiki da injin goge mai faifan gashin tumaki, ya daidaita gudunsa a wajen juyi 1,500 a minti, kuma ba ya ɗaukar wurin da ya wuce kamu biyu a lokaci guda. Na lura cewa bayan kowane ɗan zagaye yakan ɗora bayan hannunsa a jikin jirgin domin ya ji ɗumi, idan ya ji ya fara zafi sai ya matsa gaba ya bar wurin ya huce. Kusurwoyi da bakin gefe kuwa, inda fatar ta fi siranta, bai bari inji ya taɓa su ba. Da hannu da tsumma ya bi su. A ɓangaren da ya fi fuskantar rana, inda shuɗin ya fi lalacewa, sai da ya jiƙa samfefa mai lamba 1500 ya bi ratsin, ya biyo da mai lamba 2000, sannan ya goge.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta wannan sharhi ya faru ne a rana ta uku. Kusa da hancin jirgin akwai wani wuri mai faɗin tafin hannu da ya ƙi yin sheƙi kamar sauran jikin. Na roƙe shi ya ƙara bi da injin. Ya ajiye injin, ya kawo tocila ya haska wurin a karkace, sai ga wata inuwa mai duhu-duhu tana leƙowa daga ƙarƙashin farin. Ya ce: “Wannan zaren fayiba ne kake gani. Wanda ya riƙe jirgin kafin kai ya riga ya cinye nan. Idan na ƙara minti ɗaya zan huda, ruwa ya sami hanya. Ka yi haƙuri da shi a haka.” Ya fi masa sauƙi ya bi umarnina ya karɓi kuɗinsa, domin ɓarnar ba za ta bayyana ba sai bayan watanni. Bai yi haka ba, kuma ya gaya mini kai tsaye cewa maganin wurin shi ne a fesa sabon jelkot, wanda a lokacin ba shi da kayan haɗa shi. A sana’ar da kowa yake son ya nuna ƙyalli, samun wanda ya san inda zai tsaya ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Kakin da aka shafa ni na kawo shi, Collinite mai lamba 885, wanda aka yi shi domin jiragen ruwa. Yana ɗauke da kanoba, wato kakin da ake samu daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a arewa maso gabashin Barazil, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, shi ya sa yake jure rana irin tamu. Maigidan ya shafa shi siriri ƙwarai, har sai ka karkata kai kafin ka ga alamarsa, sannan ya share da tawul mai laushi da zarar ya fara yin hazo-hazo, ya sake shafi na biyu washegari. Duka biyun da sassafe ya yi su a ƙarƙashin rumfa. Akwai ranar da ƙura ta sauko sosai, ya ƙi taɓa jirgin gaba ɗaya, domin ƙurar hunturu idan ta shiga tsakanin tawul da jikin jirgi aikin samfefa take yi. Wannan jinkiri na yarda da shi.

Sauran jinkirin kuwa ban yarda da shi ba. An yi mini alkawarin kwana huɗu, aikin ya ɗauki kwana tara, kuma kwana biyu daga ciki sun tafi ne saboda an ɗauke wuta babu mai a janareto, ba kuma wanda ya kira ni ya sanar da ni. Kuɗin man goge ma ba a sa shi a cinikin farko ba, sai a tsakiyar aiki aka taso da shi. Amma kuskuren da ya fi damuna shi ne na yaran garejin, waɗanda, bayan maigidan ya fita sallar la’asar, suka shafa kaki a daɓen jirgin, wurin da aka yi shi da gurji-gurji musamman domin kada ƙafa ta zame. Fitarmu ta farko ƙanena ya taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa, santsi ya kwashe shi, Allah ya kiyaye ya kama ƙarfen gefe. A jirgin da yara suke hawa wannan ba abin wasa ba ne. Sun kuma bar farin saura a kan baƙar robar da ta zagaye bakin jirgin. Da na koma na faɗa, maigidan bai yi musu ba. Ya biyo ni har Dadin Kowa da buroshi da ruwan wanki, ya kankare daɓen da kansa, bai karɓi ko sisi ba. Duk da haka, wanda zai kai masa jirgi ya nuna wa yaran daɓen da bakinsa, ya kuma sa a rubuta kuɗin aiki da na kaya tun ranar farko.

Yanzu wata huɗu ke nan da gama aikin, jirgin ya ratsa zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma’aunin zafi yakan kai digiri 40 a wannan yanki, ya kuma shiga damina. Shuɗin bai sake koɗewa ba, kuma ko ka shafa baƙin ƙyalle ba ka ganin gari. Kakin kansa dai ya gaji kamar yadda aka gaya mini zai gaji. A makonnin farko ruwa yana tsayawa a jikin jirgin dunƙule-dunƙule yana gangarewa, amma zuwa ƙarshen Mayu, a ɓangaren rana, ya fara shimfiɗewa, alamar cewa kariyar ta ƙare. Na sake shafawa da hannuna cikin awa biyu, ba tare da inji ba, domin fatar da ke ƙasa lafiyayya ce. Mun daina wanke shi da garin sabulun wanki, wanda yake cinye kaki, mun koma sabulun ruwa na mota. Mun kafa masa rumfar tamfol a kan sanduna yadda ba za ta riƙa gogar jikinsa ba idan iska ta taso. Wankin ma nesa da bakin ruwa muke yin sa, tunda daga wannan madatsa ake tace ruwan da garin Gombe yake sha.

Ga mai jirgin fayiba a Gombe, ko a Bauchi idan zai iya jan tirela zuwa nan, ina ganin garejin ya cancanci a kai masa, da sharaɗin maigidan da kansa ne zai riƙe injin. Ni dai mun yi da shi zan mayar da jirgin a watan Oktoba bayan ɗaukewar ruwa, kuma kafin nan zan aika Legas a sayo jelkot fari da sinadarin daskarar da shi, domin a rufe wancan wuri na kusa da hanci kafin hunturu ya shigo.