Wasiƙa daga Houston: masu sassarfa da bindiga a ƙugu

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara da mutan gida baki ɗaya. Saƙonka ya iso. Na ji yadda 'yan ƙwacen waya suka matsa wa masu fita motsa jiki da asuba a Kano, Allah ya kiyaye gaba. Ka tambaye ni wai da gaske ne a nan mutum yana fita sassarfa da bindiga a jikinsa, kuma nawa ake sayar da ita, kuma ko ni ma na saya. Ta farko e, da gaske ne, musamman a wannan jihar tamu ta Texas. Sauran biyun kuwa sai ka gyara zama.

Bindiga a nan haja ce. Akwai wani babban kantin kayan wasanni, Academy, mai rassa ko'ina a garin nan. Idan ka shiga, takalman gudu ne a hannun dama, kekuna da tantuna a tsakiya, can ƙurya kuma ga dogon akwatin gilashi an jera ƙananan bindigogi, kowace da takardar farashinta a rataye. Mai sayarwa zai ciro, ya nuna maka babu harsashi a ciki, sannan ya miƙo maka ka ji yadda ta zauna a hannu. Masu gudu sun fi neman marasa nauyi. Akwai Ruger LCP, wadda nauyinta bai kai giram 300 ba, tana shiga tafin hannu, kuɗinta wajen dala 250 zuwa 300. Akwai SIG Sauer P365 da ta fito a 2018, nauyinta kusan rabin kilo kafin a ɗura mata harsashi, ita kuma wajen dala 500 ce. Kwalin harsashi 50 na atisaye sau da yawa bai kai dala 20 ba. Ka lissafa da canjin Wapa na yau. Abin da zai ba ka mamaki shi ne wayar da ke aljihun mai gudun ta fi bindigar tsada.

Sayen ma ba wani dogon zance ba ne. Sai mutum ya kai shekara 21 kafin kanti ya sayar masa da ƙaramar bindiga. Zai nuna katin shaida, ya cika wata takardar gwamnatin tarayya mai lamba 4473, inda zai amsa ko an taɓa ɗaure shi kan babban laifi, ko yana shaye-shaye, da matsayin zamansa a ƙasar. Daga nan su tura sunansa ga hukumar FBI ta kwamfuta. In babu matsala, cikin 'yan mintoci amsa ta dawo, ya biya ya ɗauki kayansa. Yin ƙarya a takardar nan babban laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Mai katin zaman dindindin yana da ikon saya kamar ɗan ƙasa. Ɗalibi ko baƙo mai biza kuwa doka ta hana shi, sai dai ta wasu 'yan ƙofofi, irin su mallakar lasisin farauta.

Amma inda kasuwar ta fi ba ni sha'awa ba bindigar ba ce, kuben ne. Mai gudu ba ya sa bel, wandonsa na roba ne, kuma abu mai rabin kilo ba ya zama lafiya a ƙugun mutumin da ke tsalle. Sai 'yan kasuwa suka shiga nema wa matsalar magani, kowa da irin nasa. Mafi arha wata faffaɗar ɗamara ce ta roba da ake naɗewa a ciki a ƙarƙashin riga, kamar dai gurun da mafarauta ke ɗaurawa, dala 20 zuwa 40. Akwai jakar ƙirji mai igiyoyi ta kafaɗa, wadda ta haura dala 100, ka gan ta ka ce ta ruwa da waya ce. Akwai 'yar jakar ƙugu mai zif na musamman da ake fizgewa lokaci guda. Mata kuma an ɗinka musu wanduna da rigunan motsa jiki masu ɓoyayyen aljihu. Na tsaya ina jujjuya ɗamarar, sai mai sayarwar, wani dattijo mai furfura, ya ce in lura da abu guda: duk kuben da bai rufe kunamar bindigar da roba mai tauri ba, kada in kusance shi ko kyauta ne. Ya danna yatsa ta bayan ƙyallen ya nuna min yadda kunamar ke motsi. Ya ce a irin wannan ne mutum ke harbin cinyarsa ba tare da wani ɗan fashi ya zo ba. Sai kuma maganar gumi. Zafin Houston mai laima ne, kafin ka yi nisa riga ta jiƙe sharkaf, gishirin gumin kuma yana cin ƙarfe. Wanda ke gudu da ita dole ya riƙa kwance ta yana gogewa yana sa mata mai, in ba haka ba tsatsa ta kama. Man da burushin ma suna nan a kanta ta gaba, da nasu farashin.

Ta fannin doka, tun ranar 1 ga Satumba 2021 duk wanda ya kai shekara 21 kuma ba a haramta masa ba yana iya yawo da ƙaramar bindiga a Texas ba tare da lasisi ba. In a fili take, dole ta kasance cikin kube. Duk da haka masu hankali suna zuwa su karɓi lasisin, don yana nan ba a soke shi ba. Kuɗin gwamnati dala 40 ne, ban da na malami. Ana zama aji na awa 4 zuwa 6, a yi jarrabawa a rubuce, a ɗauki zanen yatsu, sannan a je fili ka harba harsashi 50 daga nisan yadi 3 da 7 da 15. Amfaninsa ga mai gudu a bayyane yake: akwai dokar tarayya ta 1990 da ta hana zuwa da bindiga tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, sai ga mai lasisin jiha. To a unguwannin nan da wuya ka yi gudun kilomita biyar ba ka gifta wata firamare ba. Ga kuma wuraren da ko da lasisi ba a shiga da ita: kotu, rumfar zaɓe, gidan waya, sashen filin jirgi na bayan wurin binciken tsaro, mashaya mai alamar 51% a ƙofa. Wasu kantunan suna liƙa allo mai lamba 30.06 ko 30.07, wato ba sa son ta a wurinsu. Wanda ya gama gudu ya ce bari ya biya ya sayi ruwa, sai ya fara karanta bango tukuna. Kuma duk wannan Texas ce kawai. Ka tsallaka New York ko California da wannan ɗamarar, ka kwana a hannun hukuma.

Kada ka ɗauka duk masu yi 'yan son burga ne. Da yawa mata ne, kuma tsoronsu yana da tushe. A watan Satumba 2022 aka sace wata malamar makaranta, Eliza Fletcher, tana gudu da asubar fari a Memphis, daga baya aka tsinci gawarta. A Fabrairu 2024 aka kashe wata ɗalibar aikin jinya, Laken Riley, tana gudu a harabar jami'a a jihar Georgia. Wata abokiyar aikina da ke fita kafin gari ya waye, saboda da rana zafi ba ya bari, ta ce ita ba ta da ƙarfin kokawa da namiji, kuma kafin 'yan sanda su iso aikin gama ya gama. Ban iya yi mata musu ba. Wasu kuma karnuka suke tsoro, don a wasu unguwannin Houston karnukan da ba su da mai su suna yawo garke-garke.

Yanzu ga tambayarka ta uku. Ban saya ba, kuma ba kuɗin ne suka hana ni ba.

Ka tuna Ahmaud Arbery? Saurayi baƙar fata ɗan shekara 25, ya fita gudu a wata unguwa kusa da Brunswick a Georgia ranar 23 ga Fabrairu 2020. Wasu fararen fata uku suka bi shi da motoci, suna zargin wai ɓarawo ne, ɗayansu ya harbe shi. Ba makami a jikinsa. Sai da bidiyo ya fito duniya ta gani kafin a kama su, daga baya aka yanke musu ɗaurin rai da rai. Wasu 'yan uwanmu a nan sun ɗauki wannan hujjar sayen bindiga. Ni kuwa da na yi nazari sai na ga, da a ce an sami bindiga a ƙugunsa ranar, da lauyoyin mutanen nan sun sami abin da suke nema, su ce kare kansu suka yi. Ga kuma Philando Castile a Minnesota, a Yulin 2016. Yana da lasisi, ɗan sanda ya tsayar da motarsa, ya gaya masa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga kamar yadda ake koyarwa a aji, cikin daƙiƙu aka harbe shi, kuma kotu ta wanke ɗan sandan. Dokar dai iri ɗaya aka rubuta wa kowa. Amma mutum baƙi, mai gemu, mai suna irin nawa, yana gudu a unguwar da ba tasa ba, riga ta ɗage maƙwabciya ta hango ƙarfe ta kira 'yan sanda ta lambar 911, ba na son in ga yadda za a ƙare. Ƙari a kan haka, wanda ba ɗan ƙasa ba in aka same shi da laifin da ya shafi bindiga, ko da yana da katin zaman dindindin, ana iya tasa ƙeyarsa zuwa gida. Kuskuren da Ba'amurke zai biya tara a kansa, ni zai raba ni da aikina da makarantar yarana.

Kuma in ka harba, ko da kai ne mai gaskiya, yanzu aka fara. Za a karɓe bindigar, a yi maka tambayoyi, mai yiwuwa a gurfanar da kai, dangin wanda ka harba ma su kai ƙara ta diyya. Kuɗin lauya a irin wannan shari'a yana cinye gida. Shi ya sa wata sana'ar ta tsiro: kamfanoni irin su USCCA da U.S. LawShield suna karɓar kuɗi duk wata, daga dala goma da ɗoriya zuwa sama, da alƙawarin ba ka lauya ranar da ka harbi mutum. Mutanen nan, Yaya, ba abin da ba su mayar kasuwa ba. Su sayar maka da bindiga, su sayar maka da kube, su sayar maka da akwatin ƙarfe na kulle ta saboda yara, sannan su sayar maka da lauya. Akwatin nan kuwa ba ado ba ne. A shekarar 2021 kaɗai mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Wannan lissafin ba ya cikin takardar farashin da ke rataye a kanti.

Na san a gida ma maganar ta taso. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi lasisin bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga. Amma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattun makamai, wanda lasisinsu sai shugaban ƙasa. Bindigar farauta mai baki biyu tana hannun sufeto janar, adaka da harba-ka-ruga kuma kwamishinan 'yan sanda. Wato abin da a nan ake saya tsakanin azahar da la'asar, a gida talaka mai bin doka ba shi da hanyar samunsa, alhali ɓarawon daji yana rataye da AK-47. Wannan yana da ciwo, ban musa ba. Sai dai ban ga yadda fistol a aljihun kowane saurayi zai gyara Kano ba. Faɗan daba da ake yi da wuƙa da gora, ka ƙiyasta shi da harsashi.

Abin da nake ɗauka ni ɗan gwangwanin barkonon fesawa ne na kamfanin Sabre, wanda aka yi wa igiya da ake zura hannu a ciki don masu gudu. Bai kai dala 15 ba, ba ya buƙatar lasisi a Texas, yana korar kare, yana kuma ba ka damar arcewa daga mutum ba tare da ka ɗauki alhakin rai ba. Sai waya da ke nuna wa uwargida inda nake, kuma kunne ɗaya kawai nake sa abin sauraro. Na kan je Memorial Park, inda akwai hanyar gudu mai zagayen kusan mil uku, an zuba mata tsakuwa mai laushi, ga fitilu, ga famfunan shan ruwa, ga banɗaki, kuma tun kafin asuba har dare ba ta rabuwa da mutane. Duk kyauta. In da za a ce in zaɓi abu guda a ɗauka daga nan a dasa a Kano, wannan hanyar zan nuna da fitilunta, a shimfiɗa irinta a filin sukuwa ko gefen titin BUK. A yammacin gari kuma akwai George Bush Park, inda hanyar masu keke da gudu ke maƙwabtaka da wani babban filin koyon harbi. Kana sassarfa kana jin tas-tas daga nesa, mutanen gari ko waiwaye ba sa yi. Ni dai har yau gabana sai ya faɗi.

Barkonon kada ka ce in aiko, ba na son rigima da kamfanin jirgi ko kwastan. Takalman gudun da ka ce kuwa suna da kyau a nan, na ƙwarai dala 120 zuwa 150 ne, amma idan sabon samfuri ya fito na bara yana faɗowa kusan rabi, shi nake jira. Ka turo min lambar ƙafarka da ta Abba, irin ta Turai da muke amfani da ita a gida, ni zan juya ta zuwa tasu. Akwai mai tahowa bayan Sallah. A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana cikin kayan.