Taragon filawud na jirgin lambu: yankan ya yi, amma bai shirya fita waje ba

Mai neman taragon farko da zai haɗa da hannunsa don ƙaramin jirgin ƙasa na lambu zai iya sayen wannan saitin na filawud da aka yanka da leza. Sai dai ya sani tun farko cewa abin da ke cikin kwalin ya ishi taragon ado, bai ishi taragon aiki ba. Sauran kayan sai ya nemo da kansa.

Ma'aunin shi ne wanda masu wannan sha'awa ke kira milimita 16, wato kowace ƙafa ɗaya ta ainihin jirgi tana komawa milimita 16, kusan kashi ɗaya cikin 19. Tazarar dogon milimita 32 ce, daidai da ƙafa biyu ke nan. Taragon kuwa kwaikwayo ne na ƙananan taragon fasinja masu taya huɗu na layin Ffestiniog da ke Wales a Birtaniya. An buɗe layin a 1836 don sauko da falalen dutse na rufin gidaje daga Blaenau Ffestiniog zuwa tashar ruwa ta Porthmadog. Jirgin kan gangaro da nauyin kayansa, dawakai su ja taragon wofi su koma da su sama. Sai a 1863 kan jirgi mai tururi ya zo, aka fara ɗaukar fasinja a hukumance a 1865. Taragon fasinjan na farko gajeru ne, sun kusa taɓa ƙasa, mutane na zaune sun juya wa juna baya a kan benci ɗaya da ya bi tsakiya. Ba don ado aka yi haka ba. A kan siririn dogo, dole nauyi ya zauna a ƙasa kuma a tsakiya, in ba haka ba tarago ya kife.

Siffar nan kam saitin ya kamo ta. Yankan lezar ya burge ni: kowane harshe da ke gefen yanki ya shiga raminsa a ɗaya yankin ba tare da an matsa ba, kuma bango huɗun suka tsaya cak tun kafin in sa gam. Na ɗora sukwaya irin ta kafinta a kusurwoyin, babu inda ya kauce. An yi kowane bango da falle uku, ledar taga mai kauri tana shiga na tsakiya, saboda haka ana iya gama fenti kafin a zura ta, ba sai an yi ta goge fenti daga jikin taga ba. Wanda ya tsara wannan ya san wahalar aikin. Har layukan allunan daɓen taragon an zana su, kuma suna fitowa sosai idan aka shafa ruwan fenti mai duhu aka goge.

Akwai abu ɗaya da takardar bayani ba ta faɗa ba. Leza ƙona katako take yi, don haka gefen kowane yanki baƙi ne, yana barin toka a yatsa. Gam ɗin katako ba ya kama wannan ƙunar yadda ya kamata, kuma tana ɓata fenti mai haske. Sai an bi gefunan da samfefa mai laushi, kaɗan kawai, don in aka ci da yawa harsunan za su yi sako-sako. Takardar ma dai gajeriya ce, hotunanta baƙi da fari, wasu sun dushe. Wanda ya taɓa haɗa irinsa ba zai damu ba, amma sabon shiga zai sha juya yanki a hannu yana neman gabansa.

Rufin shi ne wurin da ya fi neman haƙuri. Siririn falle ne da ake lanƙwasawa a kan haƙarƙari, kuma yana son komawa miƙe. Na ɗaure shi da robobi ya kwana, sannan na liƙa masa yadi mara kauri na bi da fenti, ya fito kamar rufin tamfol na ainihi.

Matsalar ta bayyana ne da ya hau dogo a waje. Taragon ba shi da nauyi ko kaɗan, tayoyinsa kuma na roba ne. A kan tebur yana gudu sumul. A lambu kuwa akwai iska, akwai ganye da tsakuwa a kan layi, kuma dogon kansa yana motsi da zafi da sanyi. Ƙaramin tsinke ya isa ya ɗaga taya. Idan aka sa shi a bayan kan jirgi, da taragon da suka fi shi nauyi a bayansa, to a kwana sai a fizgo shi ciki ya sauka daga layi. Kan jirgi mai tururi na gaske, irin mai ƙona gas, ya ƙara tsananta abin, domin yakan tashi da fizga kuma yana zubar da ruwa da mai a kan dogo, tayoyin roba kuwa suna kwasar wannan dauɗar su yi ƙullutu. Abin mamaki, an kwaikwayi taragon da gaba ɗaya hikimarsa ita ce ajiye nauyi a ƙasa, amma aka manta da nauyin.

Maganin ba wuya. Na sauya tayoyin da na ƙarfe, na daidaita tazarar da ke tsakanin bayan tayar dama da bayan ta hagu a milimita 28, wadda ita ce aka saba da ita a dogon milimita 32. Na kuma liƙa guntun ƙarfe a ƙarƙashin bencin tsakiya, inda ba a gani. Daga nan ya zauna a layi, har ƙarar tayoyin a mahaɗar dogo ta canja, ta yi kauri. Ƙugiyar haɗa tarago da ta zo da shi ma ta filawud ce, ba za ta jure ja ba, na sa ta tagulla da sarƙa mai zobe uku.

Sai batun danshi. Taragon roba irin na LGB, wanda kamfanin Lehmann na Jamus ya fito da shi a 1968 a kan dogon milimita 45, an yi shi ne ya sha ruwa da rana. Filawud ba haka yake ba. Ruwa yana shiga ta gefen yanka, fallayen su kumbura su rabu. Gam mai jure ruwa za a yi amfani da shi, a shafe ciki da waje har ƙarƙashin daɓen taragon kafin fenti, kuma kada a bar shi ya kwana a waje. Ko raɓa ma tana yi masa illa.

Da ni ne mai kamfanin, da na sa tayoyin ƙarfe a kwalin na ƙara kuɗin, tun da kusan kowane mai saye sai ya neme su. Zan sake sayen wani, amma zan yi odar tayoyin da ƙugiyoyin tare da shi a rana ɗaya.