Bleach bugun Glénat: abin da mai saye a Yamai ya kamata ya sani, da rigimar auren Ichigo

Wanda bai kai ƙarshen labarin ba ya dakata a nan, domin wannan sharhi zai faɗi wanda ya auri wa.

Bleach labarin zane ne na Japan, irin wanda ake kira manga. Tite Kubo ya zana shi a mujallar Weekly Shōnen Jump daga Agusta 2001 zuwa Agusta 2016, babi 686 a cikin littattafai 74. Wanda ke zuwa hannunmu a Nijar bugun Faransanci ne na kamfanin Glénat. Labarin wani ɗan makaranta ne mai shekara 15, Ichigo Kurosaki, da ke ganin fatalwa. Wani dare Rukia Kuchiki, ɗaya daga cikin mayaƙan da ke raka rayukan matattu, ta ji rauni, ta ba shi ƙarfinta don ya ceci danginsa daga wani dodo. Daga nan sai takobi da yaƙi. Amma a fada, in shayi ya kai na biyu aka ɗauko zancen Bleach, ba a daɗewa kan takobi. Gardamar tana komawa kan babi biyu na ƙarshe, inda aka tsallake shekara 10 aka nuna Ichigo ya auri 'yar ajinsu Orihime Inoue sun haifi Kazui, Rukia kuma ta auri Renji Abarai sun haifi Ichika.

Kafin gardamar, ga kayan da kansa. Kowane littafi ƙarami ne, wajen santimita 11 da rabi a faɗi da 18 a tsawo, shafi kusan 190, baƙi da fari. Yana da riga mai launi da ake cirewa a kan bangon. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu, kuma wanda ya yi makarantar allo ba ya shan wahala da wannan: a fara da akwatin zane na sama ta dama, a bi zuwa hagu, a sauko. Baƙin tawadar ya kama sosai, abin da ke da muhimmanci ga Kubo, domin shi mai zuba baƙi ne da yawa ya bar sauran shafin fari fat. Illar wannan salo ga aljihu ita ce littafin yana ƙarewa da sauri. Wasu na tsakiyar yaƙi ba sa kai rabin awa a hannu.

A Faransa kuɗin littafi ɗaya yana wajen yuro 7, wato kusan jika 4 da rabi da ɗan ɗoriya, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Duka 74 ɗin sun kai kusan jika 340, ba a sa kuɗin dako ba. Wanda ya yi oda ta kantin littattafai a nan zai biya fiye da haka. Wanda ke da ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya san cewa duka jerin zai kai kilo 11 ko fiye, rabin akwatin jirgi ke nan, kuma yana cin kusan mita ɗaya a kanta. A wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa ana dacewa da su jefi-jefi, amma ba a jere ba: yau na 3, wani watan na 19.

In za a sayi na hannu, a cire rigar a duba lambar da ke kan bangon ciki, domin ana samun rigar wani littafi a jikin wani. A buɗe tsakiya a hankali a ja shafi ɗaya da yatsa biyu. In ya motsa daga gindinsa, gam ya mutu. Wannan shi ne babban raunin bugun: ba a ɗinke shi da zare ba, gam ne kaɗai ya riƙe shafukan. Zafin Afrilu da Mayu na Yamai, da ke wuce digiri 40, yana sassauta gam ɗin, iskar hunturu kuma ta busar da shi ya yi ƙaras. Littafin da aka bari a ƙarƙashin kujerar babur ko a ɗaki mai rufin kwano ba silin, aka kuma danne shi a buɗe don a ga zanen da ya ratsa shafi biyu, ba ya shekara sai shafukan tsakiya su fara zubewa. Maganinsa kada a buɗe shi shimfiɗe, kada a naɗe bango baya, a ajiye shi a tsaye nesa da bangon da rana ke duka. In shafi ya fita, a shafa farin gam na kafinta siriri da tsinke a gindin, a danne da abu mai nauyi kwana ɗaya. Salatif yana yin rawaya ya ci takardar. Kwali a ƙasa kuwa gayyatar gara ce. Akwatin ƙarfe a kan bulo ya fi. Da damina kada a ƙulle su cikin leda, gumi yana taruwa takardar ta yi tabo.

Dalilin da ya sa takardar ta cancanci wannan wahala yana da alaƙa da rigimar auren kai tsaye. Da yawan masu fushi ta fim ɗin zane suka san Bleach, wanda kamfanin Pierrot ya yi daga 2004 zuwa 2012, kashi 366, ana tura shi daga waya zuwa waya. Fim ɗin ya ƙara abubuwan da Kubo bai zana ba. Kashi na 342, inda Ichigo da Rukia suke zamiya a kan ƙanƙara kafin su rabu, babu shi a littafi. Dogon fim na uku da ya fito a 2008 an gina shi kacokan kan su biyun. Sannan fim ɗin ya tsaya a daidai littafi na 54, ba a ci gaba da sauran ba sai Oktoba 2022. Wanda ya shekara takwas yana kallon wannan, aka zo aka ce masa Ichigo ya auri wata, dole ya ji an yaudare shi. A 2016 wasu daga cikin masu goyon bayan Ichigo da Rukia, da ake kira IchiRuki, sun yaga littattafansu, wasu sun ƙona, suka sa hotunan a intanet. Ɗaya ɓangaren, IchiHime, suka ce ai tun farko a rubuce yake.

Kowane ɓangare yana da abin riƙewa, amma ba daidai ba.

Hujjar IchiRuki mai ƙarfi ce. Rukia ce ta buɗe labarin, ita ta sauya rayuwar Ichigo. A littafi na 7 aka zo aka tafi da ita don a hukunta ta saboda ƙarfin da ta ba shi, kuma daga na 9 zuwa na 20 babu abin da Ichigo ke yi sai ƙoƙarin ceto ta daga kisa. Wannan shi ne sashen da ya fi kowane kyau a jerin duka. Rabuwarsu a babi na 423, ƙarshen littafi na 48, lokacin da ƙarfinsa ya ƙare ta ɓace daga idonsa, an zana ta da natsuwar da ba a saba gani ba a labarin yaƙi. Bayan wata 17 kuma, a ƙarshen littafi na 52, ita ce ta dawo masa da ƙarfin da hannunta. Mai karatun da ya tashi da littattafan soyayya na Hausa ya saba da ƙa'ida: wanda ya sha wuya saboda yarinya shi ke aurenta. Da wannan ido ba yadda za a yi a ga wani ƙarshe dabam.

Sai dai a duk waɗannan shafuka babu inda ɗayansu ya furta so, ko a baki ko a zuci. Abin da ke tsakaninsu bashi ne da amana. Littafi na 16 ya ƙara bayyana abin: Ichigo yana kama da Kaien Shiba, shugaban Rukia na dā wanda ya mutu a hannunta, kuma wani ɓangare na kallon da take yi masa kallon mai ɗauke da laifi ne.

Auren Rukia da Renji, a ganina, shi ne wanda Kubo ya gina da kyau, kuma littafi na 11 kaɗai ya isa shaida. Tare suka tashi marayu a Inuzuri, unguwar talakawa ta 78 a kudancin Rukongai, yankin da rayukan matattu ke zaune a lahirar labarin, suna satar ruwa don su rayu. Da gidan sarautar Kuchiki suka nemi ɗaukar Rukia, Renji ya danne zuciyarsa ya ce ta tafi, domin yana ganin ba shi da abin da zai ba ta. Shekara 40 yana horo don ya kai matsayin da zai iya tsayawa gaban yayanta Byakuya. Da Ichigo ya kayar da shi, sai ya kama rigarsa yana roƙonsa ya cece ta. Duk wanda ya san yadda talaka ke janyewa in gidan masu hali sun shigo zancen yarinya zai gane wannan mutum. A littafi na 74 Renji ya gode wa Ichigo da ya mayar da su kusa bayan shekarun nan. Wanda ya karanta waɗannan biyu a jere ba zai ce auren daga sama ya faɗo ba.

Na Ichigo da Orihime ne ke da rauni, kuma raunin a gefe ɗaya yake. Son Orihime a bayyane yake tun littafi na 1. A na 23 ta yi kuka gaban Rangiku, wata mayaƙiya irin su Rukia, tana faɗin kishin da take yi da Rukia, tana kuma jin kunyar kishin. A babi na 237, cikin littafi na 27, an ba ta izinin yin bankwana da mutum ɗaya tak kafin a tafi da ita ƙasar dodanni, ta zaɓi Ichigo, ta same shi yana barci da rauni, ta faɗi abin da ke ranta ba tare da ya ji ba. Wannan babi yana cikin mafi kyau da Kubo ya zana, kuma a takarda ya fi ƙarfi, domin shirun da ke tsakanin akwatunan zanen mai karatu ne ke auna tsawonsa. A littattafai na 40 da 41, a yaƙinsa da Ulquiorra, maƙiyin da ke tsare da Orihime, kiran da ta yi ne ya tayar da Ichigo bayan an huda ƙirjinsa, ya tashi a siffar dodo.

To amma ina zuciyar Ichigo? Yana kare ta, ya yi mata alkawarin kariya, ya bi ta har inda aka kai ta. Haka ya yi wa Rukia, haka zai yi wa abokinsa Chad ko ƙannensa mata. Babu babi ɗaya da aka shiga ransa aka nuna ranar da kallonsa gare ta ya sauya. An kashe babban maƙiyi Yhwach a babi na 684, a na 686 ga yaro yana yawo a gida. Ba zance, ba neman aure, ba biki. Ko bikin Rukia da Renji sai a wani littafin zube da Makoto Matsubara ta rubuta, ya fito a ƙarshen 2016, ba a cikin 74 ɗin nan ba. Don haka wanda ya ce an zaɓi matar da ba ta dace ba, littattafan ba su goyi bayansa ba. Wanda ya ce an yi gaggawa, an hana mai karatu ganin abin da ya shekara 15 yana jira, yana da gaskiya cikakkiya. Gaggawar ba ta tsaya kan aure ba: mayaƙa da yawa na yaƙin ƙarshe an bar su ba a faɗi makomarsu ba.

Abin da ke ɓata wannan gardama shi ne zagin Orihime. Ana kiranta raguwa saboda ba ta sara da takobi, alhali ita ce ke mayar da hannun da aka yanke, ita ce ta warkar da waɗanda suka dake ta a tsare. Wanda ke son Rukia ba ya bukatar taka wata don ya ɗaga ta. Rukia ta ƙare labarin tana shugabar runduna ta 13, kujerar da ta fi kowane aure nuna inda tafiyarta ta nufa tun farko.

Ga wanda aljihunsa bai kai 74 ba kuma wannan zare na soyayya yake son bi, littattafai 11 sun wadatar: 1, 7, 11, 16, 23, 27, 40, 41, 48, 52 da 74. A farashin Faransa jika 50 ne da ɗan kai. Fada mai mutum biyar ko shida za ta iya haɗa su da adashe, a riƙa karɓa-karɓa, a rubuta sunan mai aro a kaye. Wanda kuwa labarin yaƙin yake so, ya sayi 1 zuwa 21 a jere ya huta. Daga na 28 zuwa na 48 akwai jan lokaci da yawa, kuma kuɗin ba ya biyan kansa a kowane littafi. Bugun takarda yana da ƙarin da kwafin waya ke yawan yarwa: gajeren baiti a farkon kowane littafi da muryar wanda ke kan bango, da ƙananan zane tsakanin babi da babi. Masu gardamar ɓangarorin biyu daga nan suke ɗebo rabin hujjojinsu.

Magana ɗaya ga iyaye da yayye. Kalmar shinigami da ake kiran su Rukia da ita tana nufin abin bautar mutuwa a Japananci, kuma lahirar da aka zana ƙirƙira ce da ba ta da alaƙa da abin da Musulmi ya yi imani da shi. Akwai jini da yanke gaɓɓai, akwai kuma shigar wasu mata da ta bayyana jiki, musamman daga littafi na 20 zuwa sama. Ba littafin ɗan firamare ba ne. Matashin da ya kai lise, wanda aka zauna da shi aka bambance masa tatsuniya da akida, zai iya karantawa, kuma Faransancin da ke ciki gajere ne mai sauƙi, sai dai sunayen dabarun yaƙi da aka bari da Japananci, da Sifaniyanci a sashen Arrancar (dodanni masu siffar mutum), da Jamusanci a yaƙin ƙarshe.