Shagon maganin dabbobi na kasuwar Sinnar: da tsada, amma tumakina sun tashi

Ragon sunan jikata ne ya tona asiri. Mahauci na tsaga hantar sai ga wasu tsutsotsin hanta fale-fale kamar ganyen dogon yaro suna motsi cikin jijiyoyin da suka yi fari suka yi tauri. Mata har sun yanka albasa da lemun tsami, ana jiran marara, wato ɗanyar hanta da kayan ciki da muke ci a nan Sudan. Haka muka haƙa rami muka binne ta.

Dama tun kaka nake ganin tumakin suna ramewa, biyu ma haɓarsu ta kumbura kamar an ɗura ruwa. Sau uku ina ba su albendazole, maganin tsutsar da nake saye a nan Mai Wurno, shiru kake ji.

Shi ne na nufi shagon maganin dabbobi na kasuwar Sinnar. Shagon ƙarami ne, mutum uku suka shiga ya cika. Matashin da ke ciki ya karanta likitancin dabbobi, kuma abin da ya burge ni, bai miƙa hannu kan kanta ba sai da ya tambaya: "Kawu, ina suke shan ruwa?" Na ce bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, wani lokaci gaɓar Nilu inda ciyawa ke ɗanya. Ya ce to can ne. Ƙwan tsutsar yana fita a kashin dabba, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, daga nan ya fito ya manne a ciyawa. Albendazole manyan kawai yake kashewa, ƙananan da ke huda hanta suna nan abinsu. Ya ba ni triclabendazole, miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin tunkiya.

Kuɗin kam na ji a jikina, ya kusa ninka na da sau uku. Na ce ɗana, a rage mini, ko in ba su rabi-rabi. Nan ya ɗaure fuska. Ya ce irin wannan ganganci na cikin abin da ke sa tsutsar ta saba da magani, tun 1995 aka fara ganin haka a Ostireliya, yanzu masu bincike a Turai da Kudancin Amurka kuka ɗaya suke yi. Kuma triclabendazole ɗin ne maganin da ake ba mutane. Ban san ɗan Adam na kamuwa ba! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta aƙalla mutum miliyan 2.4 a ƙasashe sama da 70, har da maƙwabciyarmu Masar, yawanci ta ɗanyen ganyen da ya tsiro a ruwa. Tun ranar uwargida ke wanke ganyen jarjir da muke ci ɗanye kamar mai wankin rigar Idi.

Ƙorafina biyu. Ba su da ma'auni, sai ka ƙiyasta nauyin dabba da ido, alhali shi da bakinsa ya ce kuskuren awo ne matsalar. Sannan da na koma neman kwalba ta biyu na tarar da ƙofa a rufe da hantsi, ba takarda ba sallahu, na yi asarar kuɗin mota.

Bayan mako uku kumburin ya saɓe, tumakin suna rububin dusa. Takardar kwalbar ta hana yanka sai bayan kusan wata biyu, don haka mai shirin layya ya lissafa kwanakinsa tun yanzu. Ni dai na ari sikelin mai sayen riɗi na unguwarmu, da shi zan auna su a zagaye na gaba.