Bajon BVP ko na Bayernpartei, wanne za ka ɗauka?

Malam, tsakanin bajon nan biyu da ka nuna mana, wanda aka ce na jam'iyyar BVP ne na kafin 1933 da kuma na Bayernpartei na shekarun 1950, ka ɗauki na biyun.

Sunayen na rikita mutane, su kuwa 'yan kasuwa da wannan rikicin suke ci. Bayerische Volkspartei, BVP a taƙaice, an kafa ta a 1918, ita ta riƙe jihar Bavariya ta ƙasar Jamus a ƙarƙashin Heinrich Held daga 1924 zuwa 1933, sannan ta rushe a watan Yulin 1933. Bayernpartei, wato BP, jam'iyya ce daban da aka kafa a Munich a 1946. Ta ci kujeru 17 a majalisar tarayyar Jamus ta Yamma a 1949, ta shiga gwamnatin haɗaka ta jihar Bavariya a ƙarƙashin Wilhelm Hoegner daga 1954 zuwa 1957. Duka biyun da fari da shuɗin Bavariya suke ado, harafi ɗaya ne ya raba su.

Na BP ɗin kaya ne mai daɗin riƙewa, kuma ba ya ɓoye komai. Dubi hoton bayansa: sumul yake, haruffan maƙerin sun fito da kaifi, alamar cewa bugun inji ne, ba zubi ba. Allurar doguwa ce mai ɗan murɗi a tsakiya don kada ta zame daga kwat, an liƙa ta da dalma tsaf ba tare da tulin komai a gindinta ba. Launin fuskar kuma gilashi ne da aka narka a wuta, aka goge shi ya yi daidai da layukan ƙarfen. Ɗan ɓantarewar da ke gefensa ma shaida ce a gare shi, domin gilashi ne ke ɓallewa haka kamar bakin kwalba. Roba sai dai ta karce ko ta yi rawaya.

Idan ya iso hannunka, ka bi shi da madubin masu gyaran agogo mai ninki 10. Ka nemi ƙananan ramuka kamar na kumfa a bayansa da kuma layin haɗi a gefe, waɗannan biyun su ke tona asirin zubi. Ka ɗora shi a sikelin masu zinare mai auna 0.01 na giram, ka auna faɗinsa, ka gwada da wani da aka tabbatar. Kwafin da aka zuba yakan ɗan gaza na asali a girma, saboda ƙarfe na tsukewa idan ya huce. Sai ka haska masa fitilar duba kuɗin jabu a cikin duhu: sabon gam da robar da aka cike gurbi da ita sukan yi ƙyalli. Abu ɗaya da za ka kula, BP na nan da ranta har yau, ana kuma buga sababbin bajo. In ka ga gajeren tsinke mai maɓallin matsewa a baya, na zamani ne.

Na BVP kuwa, da na gaske ne ya fi daraja, ba musu. Amma hoton fuska kaɗai aka turo maka, kuma bajo daga baya ake karanta shi.

Kada rubutun "ges. gesch." ya ruɗe ka, ma'anarsa kawai doka ta kare zanen, an yi amfani da shi kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. Wanda ke nuna zamani shi ne tambarin rajistar ƙira da ake bugawa a jikin kaya: DRGM, na tun kafin yaƙin har zuwa 'yan shekaru bayansa, da DBGM, na bayan kafa Jamus ta Yamma a 1949. Duk bajon da aka ce na BVP ne amma yana ɗauke da DBGM, magana ta ƙare. Sunan maƙera irin su Deschler na Munich ko Lauer na Nuremberg shi ma ba hujja ba ne shi kaɗai, masu jabu na kwafe shi tare da sauran.

Ka yi hattara da masu sayarwa da ke jiƙa sabon ƙarfe a sinadari ya yi baƙi. Tsufan gaske a lungu yake taruwa, tudun kuma ya goge. Na bogi ko'ina ɗaya yake. Mai cewa "a kayan kakana na tsinta" amma ya ƙi turo hoton baya, ko ya ƙi yarda a mayar masa da kaya, ka rabu da shi.

Ka biya na BP, ka sa a rubuta maka a rasit cewa na shekarun 1950 ne. Kada ka taɓa shi da man goge ƙarfe, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa.